Ba Goku Ne Ya Kayar Da Kantu Ba

Duk wanda ya zauna majalisar dattawa a Alakos ta ƙasar Gure ya ji wannan ƙorafi: wai yaran yau sun lalace, sun duƙufa a kan salula suna buga wasan faɗa na mutanen Japan, sun manta kokowa da langa. Maganin da ake bayarwa kullum ɗaya ne, a ƙwace wayar. Ni dai ban yarda ba. Laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwuya, kuma a wannan shari'a rowarmu ta fi yawa.

Mu fara da sanin abin da muke zagi. Kamfanin Sony ya fitar da ƙaramar na'urar wasa ta hannu, PSP, a 2004. A kanta aka yi Dragon Ball Z: Shin Budokai a 2006 da Naruto: Ultimate Ninja Heroes a 2007, wasannin da aka ɗauko jarumansu daga zanen katun na Japan. Na'urar ta fi ƙarfin aljihun manomi, amma tun 2012 manhajar PPSSPP ta ba salula damar buga su. Yaro ya tura wa yaro, ba kuɗi, ba intanet, sai ladan mai caji.

To, daga ina jaruman suka fito? Akira Toriyama, wanda ya fara Dragon Ball a 1984 ya rasu a 2024, ya ɗauko Goku ne daga tsohon labarin Sin na sarkin birai mai sanda. Masashi Kishimoto kuwa ya gina Naruto a 1999 bisa almarar ƙasarsu ta dila mai wutsiya tara. Wato tatsuniyar kakanninsu suka wanke, suka yi mata ado, suka sayar wa duniya, har ta iso gindin bedi a Garazu.

Duba abin da ke cikin wasan. Jarumi ya yi kirari kafin ya kai hari. In an kayar da shi, ya koma wurin maigidansa ya ƙara horo, ya dawo fage. Abokin gabar jiya ya zama aminin yau. Ashe wannan ba kokowa ba ce? Yaron bai guji al'adarsa ba. Ita yake nema, sai ya tarar da ita sanye da rigar baƙi.

Mu fa, me muka ba shi? Tun 1975 da Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko a Tawa, Nijar ke haifar zarata. Filin kokowar Damagaram sunan Langa-Langa yake ɗauke da shi. Ga Isaka Isaka na Doso, ga Shago da Ɗan Anace ya yi wa waƙa, ga Gizo da Ƙoƙi. Muna da gwanayen zane da matasan da suka karanta kwamfuta a Yamai da Kano. Amma mai kuɗinmu ya fi son ya ba zakara mota ya sha tafi, da ya ɗauki nauyin masu zana shi. Takobi sau ɗaya ake ɗagawa a shekara; Goku kullum yana aljihu.

Ban ce babu illa ba. Yaron da ya raba dare yana danne-danne zai yi gyangyaɗi a lakwal, wanda aka tura kiwo kuma awaki su faɗa gonar mutane. Wannan aikin uba ne, ya sa lokaci, ya tsaya a kai. Amma ƙwace waya ba ya koya wa kowa sunan Kantu.

In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Masu hukumar al'adu da attajiranmu su zuba dukiya a yi wasan da yaron Alakos zai zaɓi ɗan kokowar Damagaram, da layunsa da makaɗinsa, ya ji kirari da Hausa. Kafin ranar, dattawa su sassauta harshe. Ba Goku ne ya kayar da Kantu ba. Mu ne ba mu kai shi fage ba.