Fom ɗin lafiyar ɗalibai ya manta da sanƙarau

Jama'a ku ɗan yi haƙuri, rubutun yau da ɗan tsawo.

Makon jiya ƙanwata ta kawo min fom ɗin gwajin lafiya na makarantar da ta samu gurbi, wai in raka ta asibiti. Na duba: hoton ƙirji, rukunin jini, gwajin sikila, gwajin fitsari, gwajin ido. Ko layi ɗaya babu a kan allurar sanƙarau. Sai na tuna nima haka nawa ya kasance lokacin digirin farko, haka kuma da na dawo yin mastas. Da muka je wani asibiti nan Kubwa na tambayi allurar, ma'aikaciyar ta kalle ni ta ce, "Hajji za ta je ne?" Na ce a'a, hostel za ta je. Muka yi dariya, amma ni dai maganar ta tsaya min a rai.

Ra'ayina shi ne: duk makarantar da za ta tara matasa a ɗaki ɗaya, sakandaren kwana ce ko jami'a, ya kamata allurar sanƙarau ta shiga cikin sharuɗɗan rajista, kuma a yi ta a nan cikin makarantar.

Ga dalilina. Ƙwayar cutar a maƙogwaro take zama. Kusan mutum ɗaya cikin goma yana ɗauke da ita lafiyarsa ƙalau, kuma matasa ne suka fi ɗaukarta. Tari, atishawa, shan ruwa a kofi ɗaya, kwana a cunkushe, su ne hanyarta. To ku faɗa min, wane waje ne ya fi hostel ɗinmu cika waɗannan sharuɗɗan? Ɗakin mutum huɗu a kwana takwas, ga 'yan raɓe, ga taga a rufe saboda ƙura da sauro. Nan Kubwa ma ga sansanin masu bautar ƙasa, inda matasa daga ko'ina a Najeriya ke haɗuwa sati uku. In ƙwayar ta shiga jini ko rufin ƙwaƙwalwa, tana iya kashe mutum cikin kwana ɗaya. Cikin waɗanda suka tashi, kusan ɗaya cikin biyar kan tashi da tabo: kurumta, farfaɗiya, ko matsalar ƙwaƙwalwa.

Wani zai ce ai an yi mana tun muna yara. Wacce aka yi maka? MenAfriVac da aka zagaya da ita jihohin Arewa daga 2011 zuwa 2014, wadda ta shiga jadawalin jarirai 'yan wata tara a 2019, nau'in A kaɗai take karewa. Ta yi aiki sosai, A ya kusa ɓacewa. Amma a 2017 nau'in C ne ya taso daga Zamfara ya bazu Sakkwato da Katsina, aka samu sama da mutum 14,000 da ake zargin sun kamu, sama da 1,100 suka rasu. A farkon 2024 kuma muka ji yadda aka rasa ɗalibai a makarantun kwana a yankin Potiskum.

Yanzu akwai Men5CV, mai kare nau'i biyar: A, C, W, Y da X. Najeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da ita, a Maris 2024, a Jigawa da Bauchi da Yobe, ga 'yan shekara 1 zuwa 29. Abin alfahari ne. Sai dai bayan cutar ta ɓarke aka kai ta. Mu kullum sai wuta ta kama ake neman guga.

A Amurka ana yi wa yaro yana 11 ko 12, a ƙara masa wata yana 16, saboda ƙarfin ta farko yana raguwa daidai lokacin da zai shiga hostel. A Ingila ana yi wajen shekara 14, wanda ta wuce shi kuma yana da dama har ya kai 25, musamman sabbin shiga jami'a. Su da ba sa cikin yankin sanƙarau na Afirka kenan. Mu da ke cikinsa, babu allurar matashi a jadawalinmu.

Na san akwai masu tsoro, kuma ban ga laifinsu ba. A annobar 1996, wadda ta kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani gwaji na yara 200, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Mutanenmu ba su manta ba. Amma wancan gwajin sabon magani ne a kan marasa lafiya. Wannan rigakafi ne da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance a 2023. Kuma duk shekara iyayenmu suna miƙa hannu a yi musu allurar sanƙarau kafin su tashi Makka, don Saudiyya ta wajabta, ba wanda ya fasa Hajji saboda ita.

Maganar kuɗi kuma gaskiya ce. In aka ce kowa ya je ya saya, ɗan talaka ne zai rasa rajista. Shi ya sa na ce a kawo ta asibitin makaranta kyauta a makon rajista, gwamnati ta ɗauki nauyi. Shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai, ga abin da ya kamata ku kai wa hukuma.

Kafin nan, daga hunturu zuwa zafin Maris da Afrilu, in abokin ɗakinka ya tashi da zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, wuya ya sanƙare, haske na damunsa ko ya fara sambatu, don Allah kar a tsaya a kemis ana cewa maleriya ce, kar a jira gari ya waye. A kai shi asibiti a daren.

Ƙanwata dai na ce mata ba za ta tare ba sai an yi mata. Kai ma ka duba fom ɗin ƙaninka. Allah Ya kare mu baki ɗaya.