Ƙarar "fok" ba ita ce shaidar inganci ba

Jama'a, yau ba waya za mu taɓa ba, ba kuma kwamfuta ba. Murfin kwalba ne, don shi ma fasaha ce mai zaman kanta.

A wajen biki ko walima, in aka jera kwalaben ruwan inabin nan mara giya, za ka ga an fi ganin girman mai matoshin ɓawon itace, wadda ke yin "fok" in an buɗe ta. Mai murfin murɗawa kuwa sai a ce ta 'yan ku-ci-ku-ba-mu ce. Ni a ganina wannan kallon kitse ne ake yi wa rogo, kuma hujjata tana wajen masu yin giyar inabi. Ba tallar ta nake yi ba, kowa ya san hukuncinta. Amma sun zuba kuɗi a binciken murfi, saboda wata kwalbar tasu kan yi shekara 10 a ajiye, in murfi ya ci amana kaya sun tashi a banza.

Shi matoshin nan daga ɓawon wata bishiya ake yanko shi, kuma kusan rabin na duniya daga Fotugal yake fitowa. Ba a sare bishiyar. Sai ta kai wajen shekara 25 ake fara ɓare ta, daga nan kuma duk bayan shekara 9. Ɓawo na farko da na biyu ma ba su isa a yi matoshi mai kyau da su ba, sai na uku. Kun ga dalilin tsadarsa ke nan.

To ina matsalar? Wani sinadari ne da ake kira TCA, wanda ke samuwa idan fumfuna ta haɗu da ɓurɓushin kulorin a jikin ɓawon. Ɗan mitsitsin da bai kai a gani ba ya isa ya sa duk kwalba ta riƙa warin jiƙaƙƙen kwali. Ga kuma maganar iska. Tunda abu ne na itace, matoshi biyu ba sa zama ɗaya: wannan ya riƙe gam, wancan ya bar oksijin na shiga a hankali har launi ya dafe, ƙamshi ya gudu.

A 1999 cibiyar binciken inabi ta Ostareliya ta zuba giya iri ɗaya a kwalabe masu murfi iri 14, ta ajiye tana dubawa. Murfin murɗawa ne ya fi riƙe launi da ƙamshi. A 2000 masu gonakin kwarin Clare a can Ostareliya suka haɗa kai suka koma kansa, a 2001 na Niyu Zilan suka bi sahu, yanzu kusan duk abin da ƙasar ke fitarwa da shi ake rufewa. Sirrin kuma ba a ƙarfen yake ba, yana ga ɗan faifan nan da ke manne a ciki, shi ke danne bakin kwalba.

Gaskiya dai shi ma yana da nasa aibun. In faifan mai kuza ne, yakan toshe iska ƙwarai har wani lokaci a ji ɗan warin roba. Masu ɓawo ma ba su zauna ba, yanzu akwai kamfanonin da ke gwada matoshi ɗaya bayan ɗaya da na'ura kafin ya fita. Amma a abin da za a sha cikin shekara ɗaya ko biyu, ban ga abin da ɓawo ya fi murfin murɗawa da shi ba sai ƙara.

Abin dariya ma, shamfen ɗin Faransa da ake taƙama da ƙararta, yawancinta da murfi irin na kwalbar lemo take kwana a rumbu wata da watanni. Sai dab da sayarwa ake sa mata ɓawo da waya.

Don haka in za ka sayi na biki, duba zoben da ke ƙasan murfin, in ya rabu an taɓa buɗewa. In mai ɓawo ce kuma ka ga ya turo ko bakin kwalbar na danƙo, ta sha rana a shago, ajiye musu abarsu. In an buɗe kuma a sa a firji a shanye cikin kwana biyu zuwa uku, tunda babu giyar da za ta hana shi lalacewa.