Na'urar Fiɗa da Ciwon Dajin Dubura

A wannan wata za mu taɓa maganar da mutanenmu ke jin nauyin ambata, watau ciwon daji na ƙarshen hanji, inda yake haɗuwa da dubura. Wurin yana can cikin ƙugu, a matse tsakanin ƙasusuwa, dab da mafitsara da jijiyoyin da ke riƙe fitsari. Shi ya sa fiɗarsa ke ba likitoci wuya.

A shekarar 2000 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a riƙa aiki da wata na'ura mai suna da Vinci. Na'urar ba ta yin fiɗa da kanta. Likita ne ke zaune a gefe, yana kallon cikin majiyyaci a allo, yana sarrafa hannuwan ƙarfe da aka zura ta 'yan ƙananan huji.

To, shin ta fi fiɗar huji ta hannu? A 2017 aka fito da sakamakon binciken ROLARR, wanda ya shafi majiyyata 471 a ƙasashe 10. Waɗanda tilas ta sa aka koma tsaga musu ciki su ne 8 cikin 100 a ɓangaren na'ura, 12 a ɓangaren hannu, kuma masu binciken suka ce ratar ba ta isa a yanke hukunci ba. A 2022 wani bincike na asibitoci 11 a ƙasar Sin ya nuna cewa matsalolin bayan fiɗa sun sami 16 cikin 100 na masu na'ura, da 23 na masu hannu. Ashe na'urar tana da amfani, amma amfanin ɗan ƙari ne a hannun ƙwararren likita. Kuɗinta kuwa ya haura dala miliyan ɗaya.

Yanzu mu dawo gida New Bell. A Amurka, mutum kusan 90 cikin 100 na waɗanda aka gano ciwonsu tun bai yaɗu ba suna kai shekara biyar a raye. In ya riga ya bazu zuwa hanta ko huhu, ba su kai 20 ba. Babu na'urar da ta taɓa kawo rata irin wannan. Zuwa asibiti da wuri ne ke kawo ta.

Mu kuwa a unguwanninmu, duk jinin da ya biyo bayan gida basir muke kiransa. Magidanci sai ya shekara yana shan jiƙe-jiƙe da saiwoyi, yana ramewa, kunya ta hana shi faɗa wa ko da matarsa. Masu magana sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Wanda ya ga jini, ko bayan gidansa ya sake yanayi har makonni, ko yana ramewa ba dalili, ya nufi Laquintinie ko Babban Asibitin Douala. Sau da yawa likita yakan taɓo ƙarin da ɗan yatsa, sannan ya tura a duba hanjin da madubi. In basir ne, an huta. In wani abu ne, an tare shi tun yana ƙarami.

Allah ya ba mu lafiya. Sai wata mai zuwa.