Shekarau da 'Yan'uwansa: Kada Mu Bar Sunayenmu Su Bi Kakanni Kabari

A garuruwan ƙaramar hukumar Gezawa, daga Jogana zuwa Tsamiya Babba da Wangara, da wuya a rasa dattijon da ake kira Nomau ko Tanko ko Ɗanlami. Amma a leƙa rajistar 'yan aji ɗaya a firamare, sai a tarar da Walid da Amir da Khalifa sun cika shafi. Ba laifi ba ne iyaye su so sabon abu. Laifin shi ne barin sunayen da ke ɗauke da tarihin gida su ƙare tare da masu furfura, alhali ba abin da ya hana a haɗa su da sunan yanka kamar yadda magabata suka yi.

Ɗauki sunan Shekarau. Bahaushe na ba da shi ga yaron da cikinsa ya zarce watannin da aka saba, har mata suka ce ya shekara a ciki. Idan mace ce, sai a ce Shekara. Littafin Tarihin Kano ya ambaci sarakuna biyu masu wannan suna. Na farko ya yi sarauta daga 1290 zuwa 1307. Na biyu ya hau a 1649 ya rasu a 1651, kuma a ɗan zamaninsa ne malamai suka ƙulla sulhu tsakanin Kano da Katsina bayan an daɗe ana gwabza yaƙi. Shekara kuwa ita ce matar Sarki Ibrahim Dabo, wadda ta haifi sarakuna uku a jere: Usman da Abdullahi Maje Karofi da Muhammadu Bello. A zamaninmu ga Malam Ibrahim Shekarau, gwamnan Kano daga 2003 zuwa 2011, wanda daga baya ya wakilci Kano ta Tsakiya, har da Gezawa, a majalisar dattawa. Suna ɗaya ke nan ya ratsa shekaru sama da 700 bai tsufa ba.

Darajar irin waɗannan sunaye ita ce kowanne rajista ne da ke yawo da ƙafa. A ƙasar noma irin ta Gezawa, inda gona ke manne da gona kuma kowane gida ya san lissafin damina, Shibkau yana nuna an haifi mutum lokacin shuka, Nomau lokacin noma, Anaruwa kuwa ana tsaka da ruwan sama, Cigero kuma da kaka ta kama. Tanko ya biyo bayan 'ya'ya mata, Gambo ya biyo tagwaye, Balarabe ya zo ran Laraba. Kafin takardar haihuwa, da wannan ake gane wa ya girmi wa.

Masu suka na cewa waɗannan sunaye ragowar maguzanci ne. Tarihi bai goyi bayansu ba. Shekarau na biyu ya yi mulki kusan shekaru 300 bayan Wangarawa sun iso Kano da Musulunci a zamanin Sarki Yaji, kuma malamai ne ke kewaye da shi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauya sunayen da ke da mummunar ma'ana, amma ya bar Umar da Usman da Hamza, waɗanda Larabawa ke amfani da su tun kafin Musulunci. Ma'aunin ke nan: ma'ana, ba harshe ba. Sunaye irin su Ajuji da Ayashe, da ake laƙaba wa ɗan wabi da zaton wulaƙanta yaro zai kau da mutuwa daga kansa, sun rataya ne ga camfi, barinsu ya dace. Amma wane saɓo ke cikin faɗin cewa an haifi yaro ran Juma'a ko da damina?

Wasu kuma na ganin ƙauyanci ne, wai yaro zai sha tsokana a jami'a. Jamusawa ba su jefar da Wolfgang ba, sunan da ya samo asali daga kyarkeci da tafiya a tsohon harshensu. Mashahuran mutane irin su Mozart da Goethe duk sun amsa shi. Mu ma Alhaji Tanko Yakasai da Hajiya Gambo Sawaba ba su rasa girma don sunansu ba. Mai suna ke ɗaukaka suna.

Gyaran ba shi da tsada. Sunan yanka yana nan inda yake, liman ya raɗa Muhammadu ko Ibrahim ran suna. Sai dai idan alkunya ta hana uwa kiran ɗan da ya ci sunan kakansa, ta laƙaba masa Nomau ko Ɗanjuma maimakon aro daga finafinan waje. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da katin ɗan ƙasa duk suna da gurbin suna na tsakiya, a rubuta laƙabin a nan. Malaman Hausa a makarantun Gezawa su sa ɗalibai su tambayo kakanninsu dalilin kowane suna a gidansu, su rubuta tun masu sanin amsar suna raye.