Bizar Karatu: Darasin da Khartum ta Koya Mana

Shekaru da dama muna tura 'ya'yanmu neman ilimi a Jami'ar Afirka da ke Khartum da Jami'ar Musulunci ta Omdurman, hankalinmu kwance. Kwatsam yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, cikin watan azumi. Aka kwashi ɗaliban Nijeriya a motoci zuwa iyakar Masar, inda suka yi kwana da kwanaki a hamada suna jiran izinin shiga. Sai ranar 3 ga Mayu rukunin farko ya sauka Abuja. Wasu masu neman biza a Khartum kuwa, an rufe ofisoshin jakadanci da fasfunansu a ciki.

Saboda haka, duk wanda zai nema wa ɗansa bizar karatu, Alƙahira ce ko Madina, ya fara karɓar takardar gurbi daga jami'ar kanta, kada ya dogara da dillali. Ya duba wa'adin fasfo, ya ajiye kwafin kowace takarda a gida. Da isar yaro, ya yi rajista a ofishin jakadancin ƙasarsa. Tun ran gini ran zane. Allah ya tsare mana zuri'a, amin.