A Yi Wa Windows Kishiya

Ranar 14 ga watan Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya janye hannunsa daga kula da Windows 10, in ban da ƙarin wa'adin shekara guda da ya ba wanda ya yi rajista. Ma'anar wannan ita ce, duk kafar da ɓarayin intanet suka gano bayan cikar wa'adi, a buɗe za ta zauna. Kamfanin ya ce a koma Windows 11, wadda ya fitar a 2021. To amma ita wannan ba ta yarda da kowace na'ura ba, sai mai wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma wadda ƙwaƙwalwarta ba ta tsufa ba. Mu kuwa yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke hannunmu na gwanjo ne, sai da suka gama bauta a ofisoshin Turai kana suka iso mana.

Shin sai mu jefar da su ke nan? Ɗalibin da iyayensa suka sayar da hatsi ko tunkiya suka saya masa na'ura, da wane baki zai koma ya ce ta daina aiki, alhali kuwa lafiyarta lau? Mu a ganinmu, maimakon a yar da ita, a yi wa Windows kishiya, watau a ɗora babbar manhaja ta biyu kusa da ita.

Wadda muke nufi ita ce Linux. Ya kamata mu tuna cewa ɗalibi ne irinmu, Linus Torvalds na Jami'ar Helsinki a ƙasar Finlan, ya fara rubuta ta a 1991, ya kuma sake ta kyauta ga duniya. Ba baƙuwarmu ba ce, domin a kan tushenta aka gina Android da ke cikin wayoyinmu. Tana da iri-iri, amma Linux Mint ta fi sauƙi ga sabon shiga. Tana iya aiki da gigabait 2 na ƙwaƙwalwar aiki da 20 na wurin ajiya, kuma fitowa ta 22 tana da alkawarin kulawa har zuwa 2029.

Aikin ba shi da wuya, sai dai yana son natsuwa. Da fari a kwashe dukkan takardu a adana su a wani wuri dabam, musamman kundin bincike na kammala karatu. Idan an kulle ma'ajiyar da BitLocker, a rubuta mabuɗin a takarda. Sannan a matse rabon Windows a fitar wa amarya ɗakinta. A sa Linux a kan filashi, a tayar da na'urar daga gare shi, a gwada sauti da intanet tun ba a taɓa kome ba. In an gamsu, sai a zaɓi a ɗora ta kusa da Windows. A nan ne ake yin kuka: wanda ya yi garaje ya zaɓi share ma'ajiya, ya sallami uwargida da kayanta duka. Kada kuma a fara sai da cikakken batir ko tabbatacciyar wuta, domin ɗaukewar lantarki a tsakiyar rabo tana iya lalata ɓangarorin biyu. Bayan an gama, duk sa'ad da aka kunna, na'urar za ta tambaya wacce za a shiga.

Wasu za su ce ai ofisoshin gwamnati da Word da Excel suke aiki, kuma AutoCAD na ɗaliban zanen gini ba ya hawa Linux. Gaskiya ne, shi ya sa ba mu ce a kori Windows ba. A bar ta domin irin waɗannan ayyuka, a rage shiga intanet da ita. Harkar banki da wasiƙu da bincike kuwa a yi su a Linux, inda LibreOffice ke buɗe yawancin takardun Word.

Abin da ya fi damunmu shi ne halin jira. Muna cika baki da zancen dogaro da kai, amma wani kamfani a hayin teku shi ke yanke mana ranar mutuwar kayan da muka saya da guminmu. Bahaushe ya ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Rububin sabuwar na'ura da bashi ba wayewa ba ne.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyarmu da su keɓe rana guda a kowane zangon karatu, ɗaliban sashen kwamfuta su zauna da filashi, kowa ya kawo tasa a ɗora masa, a kuma koya masa da hannunsa. Saukewa ɗaya ta ishi ɗari, ba sai kowa ya ƙona kuɗin data ba. Allah ya sa shugabanni su ji, su kuma aikata.