Dogayen da muke nema ba a ƙofar ekol normal za mu same su ba

Ƙungiyar ƙwallon kwando ta makarantarmu ta horon malamai tana buƙatar dogayen ƴan wasa, kuma ba ni da ja a kan wannan. Bakin kwando yana mita 3 da santimita 5 daga ƙasa, ba ya sauko wa kowa. Mafi tsawo cikin yaranmu bai kai mita 1 da 85 ba. In ƙwallo ta bugi allo ta dawo, hannun abokan karawa ke riga namu, su jefa sau biyu ko uku mu muna da jifa ɗaya. Mai koyar da su yana ƙoƙari, amma ba ya iya ƙara wa kowa ko taƙi guda.

Inda na rabu da wasu abokan aikina shi ne maganin da suke kawowa. Suna cewa a riƙa ɗaga ƙafa ga dogon yaro a jarrabawar shiga, ko da makinsa ya ɗan gaza, tun da haka ake yi a Amurka. Gaskiya ne jami'o'in Amurka suna bin dogaye har gida, su biya musu kuɗin karatu. Haka Hakeem Olajuwon ya bar Legas ya tafi Jami'ar Houston, daga nan aka ɗauke shi na farko a zaɓen ƴan wasan NBA na 1984. Amma can wasan jami'a kasuwa ce: gasarsu ta watan Maris gidajen talabijin ke saye da maƙudan kuɗi. Mu fa? Wanda muka ɗauka yau, gobe shi zai tsaya gaban yara sittin ko saba'in a ajin zana, ya koya musu karatu da lissafi. Gurbin da aka ba wani don tsawonsa, daga hannun wani aka ƙwace shi, watakila yarinyar da ta fi shi iya koyarwa. Kofi ɗaya bai kai wannan ba, ko da na zinariya ne.

Abin da ya kamata mu tuna, wasan nan a makaranta irin tamu aka haife shi. A 1891 James Naismith ya ƙirƙiro shi a Springfield, a makarantar da ke horar da masu koyarwa na ƙungiyar YMCA, don ɗalibai su sami abin motsa jiki cikin ɗaki lokacin sanyi. Kwandunan ɗiban ƴaƴan itace ya kafa. Ɗaliban nan da suka gama suka watsu, kowa ya tafi da wasan inda aka tura shi aiki. Ba kofin da suka ci ne ya yaɗa shi ba, malaman da suka fita ne.

To, ina dogayen namu suke? Wasu suna nan, ba wanda ya gan su. Filin ƙwallon kwando sai a manyan garuruwa, shi ma galibi a lise ɗaya ko biyu, da allo a karye. Yaron ƙauye mai tsawo da ƙarfi kokawa yake shiga, don ita ya buɗe ido ya gani, kuma takobi ne burinsa. In ƙwallon ƙafa ce, a ce ya tsaya gida. Olajuwon kansa mai tsaron gida ne, yana kuma buga ƙwallon hannu, sai da ya kai wajen shekara 15 ya taɓa ƙwallon kwando. Mu ma muna da shaida a gida: Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya haura mita 2, ya kawo wa Nijar azurfa daga wasannin Rio a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017, amma a taekwondo. Ya sami mai nuna masa hanya ne a can. Doguwar yarinya kuwa tata ta fi ban tausayi. Ba'a ake yi mata a unguwa har ta koyi tafiya a duƙe, ba mai ce mata akwai wasan da ake neman irinta ruwa a jallo.

Sauran kuma, kuma nan ne maganar ta fi yi mini nauyi, ba mu bar su sun yi tsawon ba. Tsawo gado ne, haka ne, amma gadon yana buƙatar abinci kafin ya fito. Binciken abinci mai gina jiki da ake yi a ƙasar nan ya daɗe yana nuna cewa fiye da yara 4 cikin 10 ƴan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato ba su kai tsawon shekarunsu ba, kuma jihohin Maraɗi da Damagaram suna cikin waɗanda abin ya fi tsanani. Ma'aikatan lafiya suna maganar kwana 1000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara 2. Abin da aka rasa a wannan tsakani da wuya a maido shi daga baya. Uwa ba ta ƙoshi ba, an yaye yaro da kunun gero zalla, zawo da zazzaɓin cizon sauro suna ta kai da komo: nan santimitocin da muke nema a fili suka zube, shekara 18 kafin yaron ya zo gare mu. Mun saba ganin tamowa in yaro ya rame ya kwanta. Wannan kuwa ba ta kwantar da shi, yana wasa yana dariya, sai a ce ai gajere ne kamar kakansa. Kuma ba ƙashi kaɗai take taɓawa ba, har ƙwaƙwalwa. Duk malamin da ya riƙe aji na farko ya san yaron da nake nufi.

Iyaye, maganin ba daga waje yake ba. Wake, ƙuli-ƙuli, zogale, nono, ƙwai in an samu, duk suna kasuwarmu. Ƙwan da ake hana yaro wai kada ya zama ɓarawo, shi jikinsa ke nema. Nonon uwa zalla wata 6, sannan awo a kan lokaci.

Mu kuma malamai, ga abin da nake ganin ya fi ɗaga ƙafa a jarrabawa. Kowane ɗalibi da zai fita daga hannunmu ya san dokokin wasan, ya iya lanƙwasa ƙarfe ya kafa kwando a jikin icce. Ya zana ma'auni a bangon aji, ya auna yaransa farkon shekara da ƙarshenta, ya rubuta. Wanda ya zarce sa'o'insa a sanar da malamin wasanni na kwalejin da zai shiga. Wanda ya tsaya cak a yi wa iyayensa magana, a tura su likita.

Wasannin bana kuwa da gajerun da muke da su za mu buga. Muggsy Bogues mita 1 da 60 gare shi, ya yi wa Jami'ar Wake Forest wasa, ya kuma shekara 14 a NBA. Ƙungiyar gajeru tana matsa wa mai ƙwallo tun daga gidansa, tana gudu, tana sa baya ta tare dogo kafin ya yi tsalle, tana kuma koyon jifa daga bayan layin mita 6 da 75, inda kowace ƙwallo maki 3 ce. Wannan sai da atisaye, kuma jadawalinmu yamma biyu kawai ya ba su a mako. Na roƙi darekta ya ƙara ta uku.